Malam Gwadabe da Waƙar Gidan Bakwai

Duk wanda ya yi firamare a makarantar gwamnati da ke gefen Nasarawa Gwom a Jos tun daga shekarun tamanin ya san Malam Gwadabe, kuma da abu biyu ya san shi: waƙa da fushi. Waƙar ta lissafi ce. Fushin kuwa ba shi da maigida, kowa na iya samun rabonsa, daga hedimasta har akuyar da ta leƙo ƙofar aji.

Gajere ne mai kaurin wuya, ba ya rabo da wata rigar sanyi ruwan ƙasa wadda matarsa Balaraba ta gaji da ɗinke mata gwiwar hannu. A sansanin haƙar kuza aka haife shi, wajen Bukuru, inda mahaifinsa ya zo leburanci daga ƙasar Kano ya zauna. Abin da ya fara shiga kunnensa a duniya shi ne muryar leburori suna haurowa daga rami da kwanon ƙasa a ka, mutum ɗaya yana bayarwa, sauran suna amsawa, ƙafafunsu na tafiya tare. Mahaifinsa ya taɓa ce masa da baki ake ɗaukar kaya, kai dai ɗora masa ake yi. Kuza ta faɗi, ramuka suka cika da ruwa, shi kuma ya tafi kwalejin horon malamai, ya fito da takardar koyarwa a hannu da wannan magana a rai.

Da aka fara ba shi aji ya tarar da yara sun haura tamanin, allo ya koɗe, littafin lissafi uku ne kacal, ɗaya ma babu bango. Ya je ya tambayi hedimasta yadda ake koyar da ninkawa a haka. Hedimasta ya ce yadda kowa ke yi. Ya fito ya bugo ƙofar har sakata ta faɗi, kuma tsofaffin malamai daga nan suke fara lissafin fushinsa.

Sai ya koma ga abin da ya gada. Ya samo jarkar da ba komai a ciki, ya mai da rula makaɗi, ya ba kowace lamba gidanta: gidan biyu, gidan uku, har gidan sha biyu, kowane da karinsa. Shi ke bayarwa, yara na amsawa.

"Bakwai sau ɗaya."

"Bakwai tana nan."

"Bakwai sau biyu."

"Sha huɗu ta zo."

Kowane baiti kuma sai a ɗaga yatsa ɗaya. Da yatsun nan yake koyar da rabawa. Yakan ce rabawa ba baƙuwa ba ce, ninkawa ce ta juyo gida. In an ce mangwaro hamsin da shida a raba wa yara bakwai, sai ka shiga gidan bakwai kana rerawa har bakinka ya faɗi hamsin da shida, ka dubi hannunka, yatsu takwas a tsaye, amsa ke nan. In hamsin da tara ne, ka ji sittin da uku ta wuce gona da iri, sai ka ja da baya zuwa hamsin da shida, ukun da ta rage ita ce saura. Yaron da ya manta da saura kuwa ya shiga uku da gaske, don Malam zai tsaya a kansa ya tambaye shi ko a gidansu zubar da abinci ake yi.

Hanyar ta yi aiki. Matan da gidajensu ke jikin katangar makarantar sun iya gidan tara ba tare da sun taɓa shiga aji ba. 'Yan acaba da dama a garin in ka kula za ka ga yatsunsu na motsi a kan hannun babur. Masu duba makarantu sun sha zuwa su ce hayaniya ta yi yawa, shi kuma ya ce su kawo littafi casa'in ya yi shiru. Ba su kawo ba, bai yi ba.

Bayan rikicin 2001 mutane da yawa suka sauya unguwa, ajin ma ya sauya fuska. Duk da haka akwai 'yan tsirarun yara daga Anguwan Rukuba da suka ci gaba da zuwa, cikinsu har da Ulonma, 'yar Cletus mai facin taya a Farin Gada. A Jos aka haife ta, Hausarta ta fi ta ubanta nesa ba kusa ba. Siririya ce, amma muryarta takan keta ta yara casa'in, har ya kai in maƙogwaron Malam ya dushe ita ke karɓar bayarwa. Uwarta ta koma kudu da ƙananan yaran tun bayan rikicin, aka bar ta wurin uban ta ƙarasa aji shida. Cletus bai ɓoye wa Malam Gwadabe komai ba: in ta ci jarrabawa ta samu makarantar kwana ta gwamnati, za ta yi karatu. In ba ta samu ba, ba zai iya barin budurwa ita kaɗai a ɗaki yana wuni a bakin titi ba, 'yar'uwarsa da ke Aba tana neman mai tsaron shago.

Jarrabawar shiga sakandare ta shekarar 2004 ta faɗo ranar Asabar, aka yi ta a babban ɗakin taro na wata sakandare. Ba a barin malaman firamare su wuce ƙofa, don haka Malam Gwadabe ya samu gindin bishiyar turare a waje ya zauna. Rana ba ta kai tsaka ba sai ya ga ƙaramar ƙofa ta buɗe, Ulonma ta fito ita kaɗai, fensir a hannu, ba ta kuka.

"Ke, har kin gama?"

"An karɓe takardata, Malam."

"Wa ya karɓe?"

"Mai tsaron jarrabawar. Ya ce ina ba mutane amsa."

"Kin ba su?"

"Ban ba kowa ba. Ɗari huɗu da arba'in da takwas aka ce a raba gida bakwai. Na shiga gidan bakwai ina neman arba'in da huɗu, na tsaya a arba'in da biyu, yatsa shida, saura biyu. Na sauko da takwas, ta zama ashirin da takwas. Ina cikin nemanta aka ja takardar."

"Sittin da huɗu," ya ce, bai ma san ya faɗa ba.

"Na san huɗu ce, Malam. Bai bari na rubuta ba."

Ya miƙe ya nufi ƙofa. Maigadi ya tare shi, ya ba maigadin abin da ya samu na baƙar magana, amma ƙofa ta ƙi buɗuwa. A tsaye ya jira har aka tashi. Da mai tsaron ya fito rungume da ambulan ɗin takardu, sai Malam Gwadabe ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi, don kuwa Abdulfatah ne, ɗan telan da ke bayan masallacin unguwarsu, wanda ya zauna a benci na biyu a ajinsa shekarun baya, yanzu ya zama malamin sakandare.

Abdulfatah ya russuna. "Malam, ina wuni."

"Ban wuni ba. Kai ne?"

"Ni ne, Malam."

"Kai da na share wa majina a aji huɗu? Kai da ka fi kowa buɗe baki a gidan shida? Yau kai ne ba ka san waƙar lissafi ba, sai ka ce satar amsa?"

"Malam, na riga na rubuta rahoto. Maganar ta bar hannuna, sai a ofis."

Ya wuce da takardunsa, kansa a ƙasa.

A gida Malam Gwadabe ya ture kwanon abinci har miya ta zuba a tabarma. Balaraba ta ɗauke kwanon ta goge wurin.

"Tuwon dai ba shi ya karɓe takardar ba," ta ce.

"Butulci ne. Ka ciyar da kare, ya girma ya kama ƙafarka."

"Ni dai, Malam, ko ƙosai zan raba wa jikoki sai na ji bakina na motsi, alhali ta katanga na koya. Ina ga yarinyar da ta shekara tana bayarwa? Ka taɓa ce musu akwai ranar da za a hana su?"

"Ke kuma wa ya tambaye ki?"

"Ba kowa," ta ce, ta fita da kwanon.

Washegari ya tafi Farin Gada. Ya ratsa tsakanin manyan motoci ana lodin kabeji da karas, masu dako na ta "a ba da hanya", har ya iske Cletus ya durƙusa kan wata ƙatuwar taya yana ɓamɓare ta da ƙarfe. Cletus ya goge hannu a wando, ya jawo masa benci.

"Oga Tisha, ni ban yi fushi da kai ba," ya ce da Hausarsa ta bakin titi. "Amma yarinya na ya dawo gida, bai ci abinci ba. Na tambaye shi mene ne, ya ce waƙa. Waƙa? Makaranta na kai shi ko coci?"

"Baban Ulonma, zalunci aka yi mata."

"To, an yi. Sista na ya aiko. Anene direba zai tafi kudu da kaya ƙarshen wata, zai sauke shi a Aba."

"Yarinyar da ta fi kowa lissafi a ajina za ka ɗora a kan kabeji?"

"Kai ka ce ya fi kowa. Gwamnati ya ce ɓarawo ne. Wanne zan nuna wa mama nashi?"

Maganar ta soki Malam Gwadabe inda bai zata ba. Ya ce a ba shi zuwa ƙarshen watan. Cletus ya ɗaga kafaɗa, ya ce wata na Allah ne, mota dai za ta tashi.

Ofishin ilimi ya ci masa takalmi. Wannan ya ce ba teburinsa ba ne, wancan ya ce mai teburin ya je ta'aziyya. Da ya fara zama a bakin ƙofa yana gaya wa duk mai shigowa abin da ya faru da babbar murya, sai aka samo masa wanda zai saurare shi, wani dattijon jami'i mai suna Mista Benedict, mai sanyin magana, wanda ya kusa ritaya. Mista Benedict ya sa rana, ya ce a zo da yarinyar, a kira mai tsaron.

Ranar da aka haɗu, Malam Gwadabe ya ƙi kujera. A tsaye ya yi bayani, ya ce yarinyar ba ta leƙa takardar kowa ba, ba ta shigo da rubutu ba, abin da ke kanta ta fito da shi ta hanyar da aka koya mata, in kuwa wannan sata ne to shi ne ɓarawon, a kama shi.

Mista Benedict ya juya ga Abdulfatah. "Malam Abdulfatah, me ka gani?"

"Yallaɓai, ba gani na fara yi ba, ji na yi. A hankali ta fara. Kafin in kai wurinta layinta duka sun ɗauka, ai rabin ɗakin ɗaliban Malam ne. Ƙafafu na buga ƙasa, yatsu a sama ta ko'ina, yaran wasu makarantu kuma sun bar takardunsu suna kallon yatsun. Na ce ta yi shiru, ta ce to, ta yi. Can sai ta sake. Na kuma yi mata magana, ta kuma sakewa, ni na san ba ta ma san tana yi ba. Babban mai dubawa yana ɗakin da ke kusa. Da ya leƙo ya ji haka, takardun ɗakin gaba ɗaya zai soke. Na cire ɗaya don sauran su tsira."

"Sai ka zaɓi wadda ubanta ba kowa ba," in ji Malam Gwadabe.

"Mai bayarwa na zaɓa, Malam. In mai bayarwa ta yi shiru amshi ya mutu. Kai ka koya mini."

Malam Gwadabe ya matso har ya kusa taka masa ƙafa. "To, mai doka. Bakwai sau takwas?"

Tambayar ta zo ba zato. Kowa a ofishin ya ga yatsun Abdulfatah suna tashi ɗaya bayan ɗaya a kan gwiwarsa, leɓɓansa na motsi. Malam Gwadabe ya nuna hannun kamar wanda ya kama kwarto.

"Kun gani? Shi ma da waƙar yake ci. A karɓe masa tasa takardar mana."

"Hamsin da shida," in ji Abdulfatah. Ya ɗago kai, muryarsa ta canza. "Na gani, Malam, kullum ina gani. Ina da digiri, kimiyya nake koyarwa, amma in ɗalibi ya jefo mini bakwai sau takwas sai na juya na fuskanci allo don kada ya ga bakina. Hanya ɗaya ka ba mu, ita ma kullum daga bakin ƙofa take farawa. Ni ma an taɓa fitar da ni daga jarrabawa a aji ɗaya na sakandare, na sha bulala. Ban zo na gaya maka ba, don wa ya isa ya gaya maka magana?"

Jijiyar wuyan Malam Gwadabe ta tashi. Da ya buɗe baki kuma, ba Abdulfatah ya fuskanta ba, teburin ya fuskanta.

"Da me zan ba su ta biyu? Yallaɓai, ka taɓa shiga ajina? Yara casa'in da 'yan kai, wasu a taga suke zama. Littafi uku na gada, yanzu saura biyu. Allon in ka yi rubutu sai ka tofa yawu kafin a gani. A tafi yajin aiki a ci zango guda, a dawo a ce kowa ya wuce aji na gaba. Kuna zaune ƙarƙashin fanka kuna tsara jarrabawar masu littafi, ku kai ta ga yaran da ba su taɓa riƙe littafi ba. Na nemi abin da ba a saye, na samu baki da yatsu, na zuba musu lissafi a ciki. Yau kun ce bakin ma haramun ne, yatsun ma haramun ne. To, ku faɗa mini inda zan zuba."

Mista Benedict ya bar shi ya gama. Sannan ya yafito Ulonma, wadda tun ɗazu take tsaye jikin bango.

"'Yata, zo nan. Shida sau tara. Kada ki buɗe baki sai da amsa, hannu kuma a baya."

Ta mai da hannuwanta baya. Idonta ya tafi kan silin, ya dawo kan Malam. Leɓɓanta suka fara motsi, ta cije su. Gumi ya tsattsafo mata a goshi duk da sanyin garin. Wannan yarinya ta sha raba lamba mai gida huɗu kafin Malam ya gama goge allo, ga ta nan tsaye kamar wadda ba ta taɓa jin sunan tara ba.

"Amsar ba ta zuwa, yallaɓai," ta ce a hankali. "Sai na kira ta."

Malam Gwadabe ya nemi kujerar da ya ƙi ɗazu ya zauna.

Mista Benedict ya ce takardar farko ta mutu, ba mai tashinta, don Abdulfatah bai karya doka ba. Amma akwai zama na biyu da za a yi wa yaran da tashin hankali ya hana su zuwa na farko. Zai iya sa sunanta a ciki bisa sharaɗi: in aka ji ko da gunaguni ne daga bakinta, ko aka ga yatsa a sama, za a fitar da ita, ba kuma wata magana. Malam Gwadabe kuma shi zai tsaya mata, in ta karya a cire shi daga aji shida.

"Na tsaya," ya ce. Bai yi godiya ba. Da Abdulfatah ya russuna zai yi masa sallama, sai ya kau da kai.

Daga ranar, in an tashi makaranta sai su rage su biyu a aji. Ya sa ta guntsi ruwa ta riƙe a baki, ta zauna a kan tafukan hannunta, shi kuma yana jefo tambaya daga tsakiyar gida, ba daga ƙofa ba. Ranar farko ta haɗiye ruwan ta fara rerawa, ya buga rula a benci har ta karye. Balaraba ce ta tara masa murafen kwalba cikin leda daga masu shagon unguwa, ta ajiye masa a bakin ƙofa ba ta ce ga abin da za a yi da su ba. Ya jera su a ƙasa, layi bakwai, kowane layi takwas. Ya ce ta zagaya ta tsaya ta gefe, ta ga sun zama layi takwas na bakwai-bakwai, ba wanda ya ƙaru ba wanda ya ragu. Ya sa sanda ya tsaga su biyu, ashirin da takwas nan, ashirin da takwas can. Ya jera shida sau goma, ya ɗauke layi guda, ta ga hamsin da huɗu kwance a gabanta ba wanda ya rera ta.

Abin yana shiga, amma da nawa, kuma kowane ci gaba ƙara masa haushi yake yi. Ya ga hanyar tana da kyau. Ya kuma ga cewa tana bukatar yaro ɗaya, malami ɗaya da filin ƙasa, shi kuwa ajinsa ko wurin ajiye ƙafa babu. Wannan fushin a kan yarinyar yake sauka, ya yi ta yi mata tsawa, ita kuma da ruwa a baki ba ta da halin ramawa.

Ƙarshen wata ya zo kafin zama na biyu. Malam Gwadabe ya koma Farin Gada da shirin faɗa, ya tanadi maganganu tun daga gida. Ya tarar da Cletus yana hura taya.

"Kabeji ya tafi jiya," in ji Cletus, bai ko ɗago ba. "Na ga yarinya na da ruwa a baki yana wanke kwano, na ce bari in ga ƙarshen wannan hauka. Amma Anene zai dawo, Oga Tisha."

Da safen jarrabawar Cletus da kansa ya kawo ta, sanye da takalmi kambas na gwanjo da ya sayo mata don silifas ɗinta sun tsinke. Takalmin ya yi mata yawa, sai ja take yi. Malam Gwadabe ya dubi takalmin ya yi tsaki, ya ce ko awon ƙafar 'yarsa mutum bai sani ba. Ta shiga. Shi da Cletus suka zauna a gindin turaren nan, idonsu a kan ƙaramar ƙofa. Duk motsin da ƙofar ta yi sai Malam ya miƙe tsaye. Ulonma ba ta fito ba sai da aka buɗe babbar ƙofa kowa ya fito.

Da sakamako ya zo, ba ta cikin na sama-sama, ta bar tambayoyi da dama ba ta kai gare su ba. Amma ta haye, aka ba ta makarantar kwana ta 'yan mata. Anene ya sake lodin kabejinsa ya tafi ba tare da ita ba.

Ana gobe za ta tafi ta zo gidan Malam yin sallama, da 'yar ledar lemu da ubanta ya ba ta ta kawo. Balaraba ta shimfiɗa mata tabarma. Malam Gwadabe ya dube ta sama da ƙasa.

"To, kin ga amfanin murafen kwalba."

"Na gani, Malam. Bakwai sau takwas da shida sau tara da su na yi." Ta dubi kambas ɗin da ta tuɓe a bakin tabarma. "Sauran kuma da ƙafa."

"Da me?"

"Da yatsun ƙafa. Takalmin yana da fili a ciki. Waƙar ba ta tafi ba, Malam, ta bar baki ne ta sauka ƙasa. Ba wanda ya ji, ba wanda ya gani."

Balaraba ta sa gefen mayafi ta toshe baki, kafaɗunta na rawa. Malam Gwadabe ya dubi takalmin, ya dubi yarinyar, ya tuna rular da ya karya da ruwan da aka yi ta guntsa. Wuyansa ya kumbura kamar zai fashe. Ulonma ta ja jiki baya tana jiran tsawa.

"Yatsun ƙafa goma ne," ya ce daga ƙarshe. "In aka ce sau sha biyu fa?"

"Sai in koma kan babban yatsa."

Ya yi tsaki mai tsawo. "Tashi ki tafi, Allah ya ba da sa'a. Kada kuma ki kuskura Abdulfatah ya ji."

Ya ci gaba da aji shida har ya yi ritaya. Jarka ba ta daina ƙara ba, don littattafan ba su zo ba. Sai dai ya ware ranar Alhamis ya sa mata suna ranar kurame: ba waƙa, ba yatsa, yakan kwashe yaran zuwa filin ƙwallo su jera murafen kwalba a ƙasa, yana bin su da tsawa. Hedimasta ya ce yana ɓata fili, ya gaya wa hedimasta abin da ya sa bai sake magana ba. Da Abdulfatah kuwa, masallaci ɗaya suke salla. Sai da aka ɗauki lokaci kafin ya fara amsa masa gaisuwa, ita ma a taƙaice, yana kallon wani wuri.